Yakuba Sawadogo: ɗan kasuwar da aka kira mahaukaci, manoman Sahel suka bi sawunsa

A ranar 3 ga watan Disamba na shekarar 2023 Allah ya yi wa Yakuba Sawadogo rasuwa a garin Wahiguya da ke arewacin Burkina Faso, yana da shekaru 77 a duniya. Ba sarauta ce ta fito da sunansa ba, ba kujerar siyasa ba ce, kuma bai zauna a bencin lakwal ba. Amma duk wanda ya ratsa yankin Illela a jihar Tawa cikin zafin watan Afrilu, ya ga mutane sun duƙufa suna haƙa ƙananan ramu a kan faƙo, to yana kallon aikin da wannan dattijo yake sahun gaba wajen farfaɗo da shi ne. Ba lallai ne masu haƙan su san sunansa ba.

A fadar matasa, ko a Yamai ko a Damagaram, in aka kawo zancen shugabanci tsakanin shayin farko da na biyu, yawanci kujera ake nufi: wa aka naɗa, wa aka tuɓe, wa ke da ƙafa a wajen manya. Rayuwar Yakuba ta bi ta wata hanya dabam. Dubban mutane sun canza yadda suke noma saboda shi, alhali ba shi da ikon tilasta wa ko mutum ɗaya. Abin da ya jagorance su da shi kuwa ya daɗe a hannunsa tun kafin wani ya ɗauke shi a bakin komai.

Almajiri, sannan ɗan kasuwa

An haife shi wajajen shekarar 1946 a lardin Yatenga, ƙasar Mosawa, lokacin Faransa na mulkin yankin. Yana yaro aka tura shi karatun allo a ƙasar Mali. Da ya dawo sai ya shiga kasuwanci a kasuwar Wahiguya, birni mai nisan kusan kilomita 180 daga Wagadugu. In da an auna shi da ma'aunin da ake auna matasa da shi yau, da an ce ba shi da takarda, ba ya jin Faransanci yadda zai nemi aikin gwamnati, iyakarsa teburin kasuwa.

Sai fari ya zo. Na farkon shekarun 1970 ya kashe dabbobi ya watsa ƙauyuka, na farkon shekarun 1980 ya zo ya ƙarasa abin da ya rage. Dattawan Maraɗi ba su manta da wannan lokaci ba, domin yunwar 1984 ce suke kira El Buhari. A Yatenga rijiyoyi sun ƙafe, gonaki sun zama fili mai tauri kamar daɓe, wanda Mosawa ke kira zipele, Bahaushe kuma ya ce faƙo. Ruwan sama in ya sauka a kansa ba ya shiga, wucewa yake yi ya tafi da ɗan abin da ya saura na ƙasa mai kyau. Iyalai suka yi ta kwasar kaya suna nufar birane, wasu kudu, wasu har gonakin koko na Kodebuwa.

Wajajen shekarar 1980, ana tsakiyar wannan gudu, Yakuba ya bar kasuwa ya koma ƙauyensu Gurga, kusa da Wahiguya. Kowa na fita, shi yana shiga. A nan ne mutum zai fara ganin abin da ake nufi in aka ce wani ya ji an ɗora masa nauyi. Lissafin ɗan kasuwa bai goyi bayan wannan shawara ba ko kaɗan, kuma shi ɗan kasuwa ne da ya san lissafi. Ya ga ƙasar iyayensa na mutuwa, ya kasa ɗauke kai kamar yadda wasu suka iya.

Ramin kakanni

Bai ƙirƙiro sabon abu ba, kuma wannan shi ne ɓangaren labarin da aka fi saurin tsallakewa. Manoman Yatenga sun daɗe da sanin zai, wato ɗan ramin da ake haƙawa a wuri mai tauri a jefa iri. Dabara ce ta kakanni da aka raina, ana yin ta jefi-jefi don gyara wani ɗan gefen gona. Yakuba ya ɗauki wannan abin da aka raina ya yi masa ƴan sauye-sauye.

Ya faɗaɗa ramin ya ƙara masa zurfi, faɗi kamar santimita 20 zuwa 30, zurfi kamar 10 zuwa 20. Ƙasar da aka tono ana tara ta a gefen gangare don ta tare ruwa. Ya riƙa haƙawa tun da rani, watanni kafin ruwan farko, maimakon jiran damana. Sannan ya zuba taki da ruɓaɓɓen ganye a kowane rami. Takin nan ne ke jawo gara, ita kuma gara, wadda manomi ya saba ɗauka abokiyar gaba, sai ta yi ta huda hanyoyi a ƙarƙashin ƙasa. Ruwa na sauka ya taru a ramin, ya bi waɗannan hanyoyi ya nutse, danshi ya daɗe a gindin shuka ko da an yi kwanaki ba a samu ruwa ba. A wannan zamani kuma wani shiri na ƙungiyar Oxfam, wanda Mathieu Ouédraogo ya yi fice a cikinsa, yana koya wa manoma jera duwatsu a kan layi mai tsayi ɗaya ta amfani da siririn tiyo mai ruwa a ciki. Jeren duwatsun na rage gudun ruwa, ramun kuma na shanye shi. Haɗuwar biyun ta canza gonaki da yawa.

Aikin ba wasa ba ne. Hekta ɗaya na ɗaukar ramu sama da dubu goma, ana kuma ƙiyasta aikin da awa 300 na haƙa, a ƙasar da diga ke tsalle in ta sare ta. Amma masu bincike sun auna sakamakon: filin da a da ba ya ba da ko dami ɗaya yana iya ba da kilo 300 zuwa 400 na hatsi ko dawa a shekarar ƙarancin ruwa, ya kai har kilo 1,500 a shekara mai albarka.

Sai wani abu ya biyo baya wanda ba shi aka nufa ba tun farko. A cikin takin dabbobi akwai ƙwayoyin itatuwan da suka ci. Itatuwa suka fara tsirowa a ramu tare da dawa. Manomi na yau da kullum zai cire su ne. Yakuba ya bar su, daga baya ma ya riƙa tara irin itatuwa da kansa yana shukawa. Cikin shekaru kusan 40 faƙon nan ya zama daji mai faɗin kusan hekta 40, da nau'in itatuwa da tsirrai fiye da 60, ciki har da na magani da suka ɓace a yankin.

Ya kamata a ajiye wannan kusa da wani abu da ya faru a wannan yanki shekaru 20 kafin nan. Tsakanin 1962 da 1965 wani babban shiri na Turawa mai suna GERES ya shigo Yatenga da manyan motocin tura ƙasa, ya yi gine-ginen tare ruwa a fili mai faɗin kusan hekta 120,000. Akwai kuɗi, akwai injiniyoyi, akwai taswira. Manoma ne kawai ba a tambaya ba. Da motocin suka tafi babu wanda ya kula da aikin, ruwa ya farfasa shi.

"Mahaukaci"

Maƙwabtansa ba su yi masa tafi ba. Mutumin da ya bar kasuwa ya zo yana sarar ƙasa da rani, yana kiwon gara, yana barin itatuwa a gona, sunan da ya samu shi ne mahaukaci. Haƙa kafin lokaci ya saɓa wa al'adar da masu kula da ƙasa ke tsarewa, wannan ya ƙara masa abokan gaba. Har wuta aka taɓa sa wa dajin nasa. Ya sake farawa.

A nan akwai tarko ga mai karatu matashi, domin labarin "an kira shi mahaukaci, daga baya aka gane" yana da daɗin ji fiye da kima. Ba duk wanda jama'a suka yi wa dariya ne ke da gaskiya ba, kuma kowane gari na da mai taurin kan da ya ƙare a taurin kansa. Abin da ya raba Yakuba da irin waɗannan shi ne rumbu. Ikirarinsa abu ne da ake iya aunawa bayan wata huɗu. Da kaka ta yi a shekarun wahala, gonarsa na da amfani, na masu dariya babu. Bai nemi a yarda da shi don ya iya magana ba. Ya bari ido ya gani, kuma wanda yunwa ta taɓa ba ya daɗewa yana musu da zangarniya.

Inda ɗan kasuwar ya sake fitowa

Manomi mai basira da ya gyara gonarsa ba sabon abu ba ne, ana samunsa a kowace karkara. Yawanci basirar na tsayawa a kan iyakar gonarsa, in ya mutu ta bi shi. Abin da ya mai da Yakuba jagora wani abu ne da ya koya tun bai san zai yi masa amfani ba.

Daga shekarar 1984 ya fara shirya abin da aka kira kasuwar zai a filinsa na Gurga, sau biyu a shekara. Bayan girbi manoma su zo da samfurin irin da ya yi musu kyau, ya adana. Kafin damana su dawo, a raba iri, a nuna kayan aiki, a yi musayar dabaru. Abin ya fara da mutane kaɗan, ya kai ga wakilan ƙauyuka sama da 100 na halarta.

Duba tsarin da kyau: bai kira shi taro ba, bai kira shi horo ba, kasuwa ya kira shi. Mutumin da ya yi shekaru a bakin tebur ya san cewa baƙauye ba ya son a tara shi a yi masa lacca, amma zai yi tafiyar yini guda don ranar kasuwa. Ya san mutum ya fi yarda da abin da ya taɓa da hannunsa, kuma wanda ya kawo nasa ya karɓi na wani ba ya jin an raina shi. A kasuwa kowa mai bayarwa ne kuma mai karɓa. Shekarun da za a iya cewa ya ɓata kafin ya gano aikinsa na gaskiya, su ne suka ba shi hanyar yaɗa aikin. Sunan da dajin nasa ke ɗauke da shi ma ya faɗi haka: Bangr-Raaga. A yaren Mosawa bangre sani ne, raaga kuma kasuwa.

Haka kuma karatun allon. Yaron da aka raba da gida ya yi shekaru a wata ƙasa ya san jure yunwa da raini, ya san maimaita abu ɗaya har ya zauna. Ba a rubuta wannan a kan wata takarda, amma mai haƙa rami dubu goma a hekta yana buƙatarsa fiye da komai.

Yadda abin ya iso Tawa

A shekarar 1989 wani shiri da asusun FIDA ke tallafawa a Illela ya ɗauki manoma 13 ya kai su Yatenga su gani da idonsu. A ƙasar Adar ma an san irin wannan rami tun da, ana kiransa tassa, kuma shi ma an raina shi. Manoman suka dawo, wasunsu suka gwada gyararren salon a ƴan filaye kaɗan. Damanar 1990 ba ta yi kyau ba, sai ya zama gonakin tassa ne suka fito da kai. Daga nan ba a buƙaci dogon wa'azi ba.

Abin da ya biyo baya ya ba masu bincike mamaki. Faƙon da a da ko kyauta aka ba mutum ba zai karɓa ba ya fara yin kuɗi, mutane na saye suna gyarawa. Matasa suka ƙware a haƙan tassa, ana ɗaukarsu aiki daga ƙauye zuwa ƙauye, wasu suka samu abin yi da rani ba tare da sun tafi biɗa ba. Chris Reij, masanin ƙasar Holan da ya shafe shekaru yana bin wannan lamari a Burkina da Nijar, ya ba da misalin ƙauyen Batodi, inda ruwan rijiya ya taso daga zurfin mita 18 zuwa kusan mita 4 cikin shekaru goma, har mata suka buɗe lambuna.

Su ma waɗannan 13 ɗin jagorori ne irin na Yakuba. Tarihi bai riƙe sunayensu yadda ya riƙe nasa ba, amma kowannensu ya koma ƙauye ya fara sarar faƙo a gaban mutanen da suka san shi tun yana yaro, wanda kuwa ya fi yin haka a gaban baƙi wuya.

Dajin da ke ƙarƙashin Maraɗi

A shekarar 2018 aka ba Yakuba lambar yabo ta Right Livelihood a birnin Stockholm, wadda ake yi wa laƙabi da madadin Nobel. Cikin waɗanda aka karrama tare da shi akwai wani da mutanen Maraɗi suka sani: Tony Rinaudo, ɗan ƙasar Ostareliya da ya zo Nijar a 1981 ƙarƙashin ƙungiyar mishan ta SIM.

Shi nasa labarin ta wata fuska ya zo. Yana da karatun aikin gona, yana da mota, yana da wurin renon itatuwa, amma yawancin abin da ya dasa mutuwa yake yi. A 1983, kamar yadda ya sha bayarwa, ya tsaya a hanya don rage iskar taya saboda rairayi, ransa a ɓace har yana addu'ar neman mafita, sai idonsa ya faɗa kan wani ɗan tsiro da ya saba wucewa. Da ya duba ganyen sai ya gane ba ciyawa ba ce, itace ne da aka sare, kututturen da saiwarsa na nan da rai, yana tohowa duk shekara ana sake sare shi a lokacin sassabe. Ba dashe ake buƙata ba. A zaɓi reshe ɗaya ko ƴan kaɗan masu ƙarfi, a rage sauran, a kare su. Shi ma an yi masa dariya. A yunwar 1984 aka haɗa aikin da rabon abinci, da abincin ya ƙare akasarin itatuwan aka sare su. Waɗanda suka bar nasu ne suka ga itacen girki, abincin dabbobi da kariya daga iska, maƙwabta kuma suka kwaikwaya.

Wannan shi ne sassaben zamani. Hotunan sama da Gray Tappan na hukumar binciken ƙasa ta Amurka ya kwatanta sun nuna cewa kusan hekta miliyan 5 a jihohin Maraɗi da Damagaram sun sake samun itatuwa, kimanin miliyan 200, gawo a kan gaba a wurare da dama. Manoma ne suka yi, gona bayan gona. Ita doka daga baya ta biyo su: a shekarar 2020 gwamnatin Nijar ta fitar da ƙudurin da ya amince wa manomi mallakar itacen da ya rena a gonarsa.

Mutanen biyu ba su yi kama ba ta kowace fuska, ɗaya almajiri ɗaya ɗan jami'a, amma dukansu sun ɓata lokaci kafin su lura da abin da ke gabansu tun farko.

Abin da ɗan ci-rani ke dawowa da shi

Matashin da ya yi shekara biyar yana gini a Aljeriya ko Libiya, ko yana talla a Legas, Abijan ko Akara, in ya dawo tambaya ɗaya ake yi masa: me ya kawo? Ana nufin kuɗi, babur, ko kwanon rufi. Shi ma da haka yake auna kansa, shi ya sa wanda ya dawo hannu wofi yakan shige ɗaki da kunya. Ba kasafai ake lissafa sauran ba. Wani ya riƙe asusun ƴan garinsu a baƙon wuri shekara uku ba a rasa ko dala ba. Wani shi ake turawa ya yi magana da mai gida in an hana albashi. Wani ya iya raba faɗa tsakanin mutum ashirin da ke kwana ɗaki ɗaya, wani kuma shi ya tattara kuɗin maido da gawar ɗan'uwa gida. Waɗannan duka aikin jagora ne, sai dai ba wanda ya kira su da wannan suna, har shi mai yin.

Haka yake a cikin gari. Mai tsara layin ƴan kabu-kabu a tasha, da yarinyar da ke riƙe adashin mata talatin a waya, suna yin abin da ake biyan kuɗi a koya a ɗakunan taro na otal. Alamar da ta fi saurin nuna baiwar mutum ita ce abin da jama'a ke zuwa nema wajensa ba tare da an turo su ba, kuma sau da yawa shi ne na ƙarshen lura, domin abin na zo masa da sauƙi har yana ganin kowa ma zai iya. Sai dai baiwa kaɗai ba ta kai Yakuba ko'ina ba sai da ta haɗu da wata matsala da ya kasa kau da kai daga gare ta, ya kuma yarda ya biya kuɗinta da shekaru.

Suna ya yi nisa, takarda babu

Duniya ta san shi a makare. A 2010 Mark Dodd, ɗan Ingila, ya yi fim a kansa mai suna The Man Who Stopped the Desert, wato mutumin da ya tsayar da hamada. Bayan lambar 2018, hukumar kula da muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta saka shi cikin gwarzayenta na shekarar 2020. Ya hau jirgi ya yi wa manyan duniya bayani da yarensa, ana fassarawa.

A gida kuwa wata matsala ce ta taso wadda rami ba ya magance ta. Filin da ya raya ba shi da takardar mallaka irin ta hukuma, domin lokacin da ya fara babu wanda ke son wurin balle a yi maganar takarda. Da birnin Wahiguya ya faɗaɗa ya iso Gurga, aka yanka filayen gini har cikin dajin, wasu suka sare itatuwa suka aza tubali. Dattijon da ake karramawa a Turai ya shafe shekaru yana bin ofisoshi don kare abin da ya shuka da hannunsa. Sai a shekarar 2021 aka kewaye dajin da shinge, shekaru biyu da ƴan watanni kafin rasuwarsa.

Yankin Yatenga na cikin wuraren da matsalar tsaro ta fi taɓawa a Burkina Faso a shekarun nan, Wahiguya ta cika da ƴan gudun hijira, kuma ƙauyuka da dama sun watse. Dajin na hannun ƴaƴansa, waɗanda ya koya wa aikin tun yana raye.